Shi da Ba Ya Ji

Ranar da tsoro ya fara kama ni, Yakubu ne ya fito daga ɗakin gyaɗa ya zube a gindin bango, ya miƙa hannu zai ɗauki buta, sai hannun ya wuce ta gefenta. Ya sake miƙawa, ya sake kuskure. Ya ɗago ya yi mini murmushi, wai don kada in damu. Idanunsa sun kaɗa sun yi jawur, girarsa ta yi fari fat da garin katako, rigarsa kuwa warin fetur da baƙin mai take kamar an tsoma ta a ciki.

Yakubu mijina ne, kuma kurma ne. Sanƙarau ne ya tafi da jinsa tun yana ƙarami, maganar ma ta bi baya. A gidan nan namu na Katagum kowa Bebe yake ce masa, har yaran da aka haifa jiya. Ni dai bakina bai taɓa furta wannan suna ba. Da hannu muke magana, kuma wallahi hirarmu ta fi ta masu baki da yawa daɗi. Sunana Meram, amma a wajensa sunana shi ne ya ɗora ɗan yatsa a kan haƙoransa na gaba, saboda wushiryata. Ko daga ƙofar gida ya hango ni, da wannan yake fara gaishe ni.

Gidan na yayansa ne, Alhaji Babakura, wanda ke sayar wa kafintocin Azare katako. Da can a daji ake aikin, ta wajen Sakwa, Yakubu ne mai riƙe injin yankan itace, irin mai sarƙar nan da ake ɗauka a hannu. To injin yana da ƙara, ƙarar kuma ita ke kiran malaman daji, tunda an hana saran itace. Rannan suka zo a kan babura, kowa ya ji su ya ranta a na kare, Yakubu bai ji ba. Suka same shi yana tsakiyar yanka maɗaci, suka tafi da injin. Da Alhaji ya sayo wani sai ya sauya dabara. A sare itacen da gatari a daji, a lulluɓe gungumen da kara a amalanken shanu, a shigo da shi kamar abincin dabbobi. Tsaga shi zuwa katako kuma a yi a tsohon ɗakin ajiyar gyaɗa da ke can bayan gida.

Ɗakin ƙasa ne mai kaurin bango. Tagoginsa biyu aka toshe da tsofaffin katifu. Idan Yakubu ya shiga, Alhaji ya ja ƙofa ya datse da kwaɗo ta waje ya jefa makulli a aljihu, don ko baƙo ya leƙo ya ga ɗaki a kulle. Sannan a tayar da injin niƙan da ke ƙofar gida, ƙararsa ta danne ta ciki. Maƙwabta har barka suke yi wa Alhaji, wai niƙansa ya yi kasuwa.

Washegarin ranar butar na same shi a zaure yana karin kumallo. Na durƙusa daga nesa na gaishe shi.

"Alhaji, ɗakin nan yana cutar da ƙaninka. Kullum da ciwon kai yake fitowa, jiya har amai ya yi."

"Rage murya," ya ce, ya waiga ƙofa. "Ke kin san ɗakin nan ne? Ni da kaina na taɓa gwada shiga ana aiki, kunnena ya kusa fashewa. Shi da ba ya ji, me zai dame shi? Ai kamar don shi aka yi aikin."

"Ba ƙarar nake nufi ba, Alhaji. Hayaƙin."

Ya yi 'yar dariya ya kurɓi shayinsa. "Ku mata da kuke wuni a bakin murhu, wace ce hayaƙi ya kashe? Zan sa a kawo masa madarar gwangwani, tana wanke ƙirji. Tashi ki je."

Na tashi, don ban saba ja-in-ja da shi ba. Amma hayaƙin murhu na san shi tun ina yarinya, sama yake tafiya ya bar ki. Wannan kuwa shuɗi ne, mai nauyi, ga shi don tsimi Alhaji tsohon baƙin man da aka juye daga mota yake sa a haɗa da fetur ɗin. Madarar ta zo. Yakubu ya sha, ya amayar da ita a bayan ɗaki.

Na juya kansa shi ma. Na ce masa da hannu ya ƙi shiga, ya ce wa yayansa ba zai iya ba. Ya girgiza kai. Ya nuna rufin ɗakinmu, ya nuna tukunya, ya nuna wajen zauren Alhaji, ma'ana wa ke ba mu waɗannan? Sannan ya bugi ƙirjinsa, wai shi namiji ne, a gidan nan babu mai iya aikin da yake yi. Ya ce akwai 'yar kafa tsakanin bango da kwanon rufi, ta nan hayaƙin ke fita. Na tambaye shi yadda yake ji a ciki. Sai ya nuna kansa ya yi alamar daka a turmi. Ya ce wani lokaci katako ɗaya yakan zama biyu a idonsa. Ya ce wani lokaci kuma yakan zauna ya huta, sai ya farka ya tarar inji ya mutu, bai san yaushe barci ya ɗauke shi ba.

Wannan barcin ne ya hana ni sukuni. Daga ranar na mayar da wankina da wanke-wankena bayan ɗakin gyaɗa. Tunda shi ba ya ji, ni na zama kunnensa. Na koyi tsamo ƙarar injinsa daga ƙarƙashin ta niƙa. In yana cin itace kuka yake, in an sake shi kuma sai ya koma gunaguni. Duk lokacin da gunagunin ya daɗe sai in zaga in zura kara ta ƙarƙashin ƙofa in yi ta motsawa har sai na ji an ja shi daga ciki.

Ana haka sarƙar injin ta tsinke, aka aika Kano neman wata. A 'yan kwanakin da aka yi ana jira, mijina ya dawo mini. Idonsa ya washe, ya ci tuwo har da neman ƙari, ya koma tsokanata yana kwaikwayon tafiyata in na ɗauko ruwa. Sarƙa na zuwa, ciwon kai ya dawo, har da sabon abu, mantuwa. Sai ya fara magana da hannu ya tsaya a tsakiya yana kallon yatsunsa.

Na kai maganar wajen mahaifiyarsu, Hajiya, ina ganin uwa ai uwa ce. Ta saurare ni tana jan carbi har na gama.

"Ke yarinya ce," ta ce. "Ba kowane itace ake sara a zauna lafiya ba, wasu da masu su. Iska ce ta taɓa shi. Kuma ki daina ɗora wa Babakura laifi. Wa zai ba bebe sana'a in ba ɗan'uwansa ba? Da kin fi so ya zauna a bakin kasuwa yana miƙa hannu?"

Da la'asar na dawo daga gidan suna na tarar ta zaunar da shi a tsakar gida, ta ajiye kaskon garwashi a tsakanin ƙafafunsa, ta zuba wasu saiwoyi da ƙaro, ta lulluɓe shi ruf da bargo. Mutumin da ya wuni a cikin hayaƙi, hayaƙi aka samo masa a matsayin magani. Bargon sai motsi yake, yana tari a ciki. Ban san lokacin da na fizge shi na yi jifa da shi ba.

"Lallai Meram, wuyanki ya yi kauri," in ji Hajiya. "Ni na haife shi ko ke?"

Na ture kaskon gefe. Na kama shi na kai shi ɗaki.

Abin ya ƙara lalacewa da aka fara ganin malaman daji a unguwarmu suna tambaye-tambaye. An ce wani ne ya tsegunta musu ana shigo da gungume cikin gari. Alhaji ya rikice. Da hantsi na gan shi a kan tsani da kansa, babbar riga a naɗe a kafaɗa, yana cusa tsumma a kafar nan ta ƙarƙashin rufi yana bi da ɗanyar ƙasa. Ƙasan ƙofar ma ya sa aka danna buhu.

Na manta da kunyar da ke tsakaninmu, na tsaya a gindin tsanin. "Alhaji, don girman Allah ka bar masa wannan kafar. Ita kaɗai ce yake shaƙar iska ta cikinta."

"Ta nan ƙarar ke fita," ya ce, ko kallona bai yi ba. "Kafintoci suna jira, na yi alkawari. Ɗan lokaci kaɗan zai riƙa yi in buɗe masa."

"To ni zan je in faɗa wa malaman dajin da bakina."

Sai a nan ya sauko. Ya karkaɗe hannunsa a hankali, ya yi magana ƙasa-ƙasa, har da tausasa murya. "Je ki. Amma ki sani wanda aka samu da inji a hannu shi ake ɗaurewa, kuma sun riga sun san fuskarsa tun Sakwa. In an kai shi gaban alƙali, da wane bakin zai kare kansa? A gidan yari wa zai gane yana jin yunwa ko ciwo?"

Ya san inda zai taɓa ni, kuma ya taɓa. Na hango Yakubu a cikin mutanen da ba su san hannunsa ba, ana masa tsawa ta baya, ana dukansa don bai waiwayo ba. Na koma ɗaki na zauna. Na ji tsoron ɗakin gyaɗa, na ji tsoron gidan yari, na rasa wanda ya fi.

Ranar da abin ya faru zafi ake yi irin na bazara, ko kaji sun buɗe baki. Kafin Yakubu ya shiga na riƙe gefen rigarsa. Ya ɗora yatsa a haƙoransa, ya yi mini alamar yanzu zai fito. Alhaji ya datse kwaɗo, aka tayar da injin niƙa. Ba a jima ba aka yi sallama, wai mai unguwa yana neman duk magidanta, malaman daji suna ƙofar gidansa. Alhaji ya zura takalmi ya fita da sauri, makulli a aljihunsa.

Ina bayan ɗakin da kwanon wanki. Injin ya yi kuka, ya yi gunaguni, ya sake kuka. Daga nan ya koma gunaguni bai sake tashi ba. Na ce a raina yana juya gungume ne. Na ce yana shan ruwa ne. Sai gunagunin ya yi tari ya ɗauke ɗif, ya rage ƙarar niƙa kaɗai.

Na zaga da gudu na fizge buhun ƙasan ƙofa. Hayaƙi ya bulbulo ya daki fuskata har sai da na ga jiri. Na kwanta a ƙasa na leƙa. Tafin ƙafarsa na gani, a kwance, ba ya motsi. Na zura kara na soke shi, ko gezau. Na yi ta dukan ƙofar da hannu ina kiran sunansa, ni da na fi kowa sanin ba zai ji ba.

Na rarumo taɓarya. Kafin in ɗaga, Hajiya ta riƙe mini zane ta baya.

"Ki jira Babakura. Mutanen nan suna unguwa, za ki tara mana jama'a ki tona mana asiri."

"Hajiya, ɗanki ne a kwance a ciki."

"Barci ne, ai ya saba yi. In an buɗe zai tashi."

Na fizge, zanen ya kusa kwancewa, na fara dukan kwaɗon ina ihu iyakar ƙarfina. Malam Abdulsamad, telan da muke katanga ɗaya da shi, ya hauro da gatari, sara biyu ya ɓalle marfin. Ya toshe hanci da hularsa ya shiga ya jawo Yakubu ta ƙafa. Jikinsa ya saki gaba ɗaya, leɓɓansa sun yi ja kamar ya ci goro, numfashinsa sai an kasa kunne. Aka yayyafa ruwa, aka yi fifita, shiru. Maza suka ciccibe shi zuwa bakin titi don a sa shi a mota. Ina bin su na waiwaya, na hango Hajiya, wadda ciwon gwiwa ke hana ta sallah a tsaye, tana jan injin a ƙasa tana shigar da shi ɗakinta.

Hanyar Azare ba ta taɓa yi mini nisa irin na ranar ba. Kansa na kan cinyata, hannunsa na cikin nawa, ina ta matsa yatsunsa ko za su matsa nawa. A asibiti aka sa masa robar iska a hanci. Likitan ya tambaye ni ko janareta muka kunna a ɗaki. Na gaya masa komai. Ina cikin faɗa Alhaji ya iso yana haki.

"Likita, farfaɗiya ce," ya ce. "Tun yana yaro ba shi da cikakkiyar lafiya."

Likitan bai kula shi ba, ni ya ci gaba da yi wa bayani. Ya ce a cikin hayaƙin inji akwai wata guba da ba ta da wari, ita ke shiga jini ta kore iskar da jiki ke rayuwa da ita, ƙwaƙwalwa ta yi ta jira ba ta samu ba. Ya ce mai ji da kurma duk ɗaya ne a wajenta. Ya ce suna sa ran zai rayu, amma abin da ya riga ya ɓaci a kai, sai dai a yi ta addu'a.

Ya rayu. Mun dawo da shi gida yana tafiya yana dafa bango. Maƙwabta sun ga abin da suka gani, amma kowa ya ja bakinsa, wai ba a tona asirin maƙwabci. Masu zuwa dubiya kuwa Alhaji ne ke tarbarsu, yana cewa ƙaddara ce, ciwon ƙuruciya ne ya taso. Ni ba wannan ne ya dame ni ba. Hannayen Yakubu ne suka yi shiru. Suna kan cinyarsa suna karkarwa, ba sa cewa komai. Ba ya cewa yunwa, ba ya cewa ruwa. Ya kalle ni ya daɗe yana kallo, yatsan nan bai tashi zuwa haƙoransa ba. Mutum ne da ba shi da wata murya sai wannan, ita ma an ƙwace.

Damina ta sauka ta ɗauke. Wata safiya na ga an sa sabon marfi da sabon kwaɗo a ɗakin gyaɗa, katifun suna nan inda suke. Kafin azahar Alhaji ya shigo da wani baƙo, dogo, magidanci, da 'yar jakarsa a kafaɗa. Tun daga yadda yake bin fuskokinmu da ido na gane kurma ne.

"Meram, zo," in ji Alhaji. "Wannan Abdulrahim ne, daga Gamawa. Irin na Bebe ne. Ke kika iya abin nan nasu, yi masa bayanin aikin, ki ce masa ci da kwana duk a kaina."

Tun tasowarsu tare, Alhaji bai koyi komai a maganar ƙaninsa ba sai zo, ci, tafi. Hajiya ma haka. Baƙon ya gaishe ni da hannu cikin ladabi, ya ce yana da mata da 'ya'ya, ya ce ya gode da aka tuna da shi. In na faɗi gaskiya, ina zan kai majinyaci idan aka kore mu? In na yi shiru kuma, da wane ido zan kalli matar mutumin nan?

Ban kai ga ɗaga hannu ba na ga idon baƙon ya bar kaina ya koma bayana. Na juya. Yakubu ne a kan tabarmarsa, ya ɗago hannayensa biyu suna rawa kamar za su faɗi. Da ƙyar ya nuna ɗakin gyaɗa. Ya watsa yatsunsa sama, hayaƙi. Ya dunƙule hannu ya murɗa, kwaɗo. Ya kifar da tafinsa a kan tabarma, faɗuwa. Sannan ya nuna kansa, ya nuna baƙon, ya kaɗa yatsa. Gumi ya wanke masa fuska, hannayen suka zube.

"Me yake cewa?" in ji Alhaji.

"Cewa ya yi kada ya shiga," na ce, da baki da hannu a lokaci guda, don kowa ya samu nasa. "Ya ce a nan aka kulle shi da hayaƙi har ya zama haka. Kuma gaskiya ya faɗa."

Abdulrahim ya kalli ɗakin, ya kalli Yakubu. Ya je ya durƙusa ya riƙe hannayen nan biyu ya daɗe, sannan ya gyara jakarsa. A bakin zaure ya juyo ya gaya mini cewa ranar kasuwar Azare kurame suna haɗuwa wajen wani mai shayi, zai faɗa wa kowa. Ya fita bai ko sha ruwa ba.

Alhaji bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya kaɗa makullin a hannu ya ce, "Ke da mijinki za mu yi magana. Kurame kuwa ba su ƙare ba, an ce akwai wani a Hardawa."

Har yau bai kore mu ba, bai kuma cire katifun ba. Ban sani ba ko labarin ya kai Hardawa. Abin da na sani, wata da watanni na yi ina jiran hannun mijina ya yi magana, da ya tashi yi kuma ba da ni ya yi ba, ɗan ƙarfin da ya rage masa baƙo ya ba. Ban ji haushi ba, amma na yi kuka.

Kullum da safe in na gama ba shi koko, sai in kama yatsansa in ɗora masa a haƙoransa na gaba, in nuna kaina. Yana kallona, ina sakin yatsan sai ya zame. Muna cikin haka za a tayar da injin niƙa a ƙofar gida. Sai in tsaya cak da kofin a hannu, in kasa kunne, ina neman wata ƙarar a ƙarƙashinsa.